KULA DA JIKI DA TUNANI DA ZUCIYA: DARASI DAGA TAFIYAR ANNABI ILIYA



A ƙasarmu ta Ikara da Maƙarfi da Kudan, in mutum ya gamu da ɗan'uwansa a hanya ya ce masa, "Ina gajiya?" amsa ɗaya ce kullum: "Ba gajiya." Haka aka koya mana tun muna yara, kuma ladabi ne mai kyau. Amma mu da muke zagayawa ƙauyuka domin yin Misa da shafa wa marasa lafiya mai, muna ganin abin da gaisuwar take ɓoyewa. Sau da dama an kira mu wurin magidanci mai shekara arba'in da biyar ko hamsin, wanda jiya-jiya yake riƙe da garma, yau kuwa ga shi kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. 'Yan'uwa na gefe suna raɗa cewa jifansa aka yi, ana neman wanda za a ɗora wa laifi. In an bincika sosai sai a tarar shekara da shekaru jininsa yana hawa, bai taɓa zuwa awo ba. Wasu sun tashi, wasu kuwa mun raka su makabarta, muka dawo muka tarar da gwauruwa da marayu da gonar da babu mai nomewa.

Saboda haka darasinmu na wannan wata a kan kula da kai yake, wato yadda za mu riƙe amanar jikinmu, mu gyara tunaninmu, mu kuma riƙa bincikar zuciyarmu. Za mu ɗauki labarin Annabi Iliya ya yi mana jagora. Muna roƙon kowane iyali ya buɗe Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, ya karanta tare kafin a ci gaba. Ikkilisiya takan karanta mana wani sashe na surar a ranar Lahadi ta 19 ta lokacin da aka saba, a Shekarar A da kuma Shekarar B.

1. ABIN DA YA SAMI ILIYA

Iliya ya fito ke nan daga babbar nasara a kan Dutsen Karmel, inda ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al su 450, wuta ta sauko daga sama ta cinye hadayarsa. Amma da sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazanar kisa, sai tsoro ya kama shi, ya gudu har Biyersheba. A can ya bar baransa, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna ƙarƙashin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mu lura, annabi ne babba, mai addu'a, duk da haka ya kai ga gajiyar da ta sa ya gwammace mutuwa.

Mu lura kuma da yadda Allah ya bi da shi, mataki-mataki. Da farko ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya tashe shi, ya ba shi gurasa da ruwa, ya ci ya sha ya sake kwanciya. Mala'ikan ya komo karo na biyu ya sake ciyar da shi. Bayan haka Iliya ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, dutsen Allah. Sai da ya isa can, ya shiga kogo, sa'an nan Ubangiji ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Aka yi iska mai ƙarfi, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, amma a cikin wata siririyar murya mai taushi ne Iliya ya gane Ubangiji. A ƙarshe Allah ya gyara masa lissafinsa, ya mayar da shi bakin aiki, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya da magaji.

Ga tsarin da muka gani: abinci da barci da tafiya domin jiki, gyaran lissafi domin tunani, tambaya cikin shiru domin zuciya. A kan wannan tsari za mu bi.

2. JIKI AMANA NE

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Manzo Bulus kuwa, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 6, ya tuna mana cewa jikin mai bi mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma ba mallakarmu ba ne. Katikizim na Ikkilisiyar Katolika, wanda ya fito a shekarar 1992, ya sa kula da lafiya a ƙarƙashin doka ta biyar, wadda ta hana kisankai. Daga lamba 2288 zuwa 2291 ya koyar cewa rai da lafiya kyauta ne da Allah ya ba mu ajiya, ya gargaɗe mu a kan wuce gona da iri wajen ci da sha da taba da magani, ya kuma hana mu mayar da jiki gunki. Ashe wanda ya yi sakaci da lafiyarsa da gangan yana da abin da zai amsa a gaban Allah, kamar yadda mai ajiya yake amsawa a gaban mai kaya.

Abu na farko shi ne awon jini. Hawan jini yawanci ba ya zuwa da wata alama. Mutum yana iya yin noma, ya ci tuwonsa, ya yi dariya, alhali jijiyoyinsa suna lalacewa a hankali, har ranar da ciwon zai taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya ko ƙoda. Awon yana ba da lambobi biyu, na sama da na ƙasa. In an auna a ranaku biyu dabam-dabam aka ga na sama ya kai 140 ko ya wuce, ko na ƙasa ya kai 90 ko ya wuce, to akwai hawan jini, sai a ga ma'aikacin lafiya. Awon ba ya ɗaukar minti biyar, ana kuma yin sa a ƙananan asibitocin da ke kusa da mu. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina sha don ya ji sauƙi, gama maganin yana danne ciwon ne, ranar da aka ajiye shi jinin yakan sake hawa. Kada kuma wani ya ce bangaskiya ta hana shi shan magani. Allahn da ya aiko wa Iliya gurasa ta hannun mala'ika, shi ne yake aiko mana da magani ta hannun likita.

Abu na biyu shi ne abin da ke shiga tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da wanda ke cikin dukan abincin da ya ci. Dunƙulen miya da muke saya a kasuwa mafi yawansa gishiri ne. Uwargida takan jefa uku ko huɗu a miya, ta ƙara gishiri, maigida kuma ya barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Iyayenmu mata na Zumunta, wannan aiki a hannunku yake. A rage kaɗan-kaɗan har harshe ya saba, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Allah ya albarkaci ƙasarmu da tumatir da tattasai da alayyafo da zogale da wake, kada mu loda su duka a mota zuwa Kano da Legas mu bar 'ya'yanmu da gayan tuwo. Mu yi hattara kuma da zaƙi. Ƙasar rake da mazarƙwaila muke, ga lemon kwalba ya zama abin karɓar baƙo, ciwon sukari kuwa ba ya tambayar ko mutum ɗan birni ne ko ɗan ƙauye.

Abu na uku shi ne motsa jiki. Mun san wani zai yi dariya ya ce, wanda ya yini yana huɗa wane motsa jiki kuma za a koya masa? Gaskiyarsa, a damina. Amma mu dubi yadda zamanmu ya sauya. Tafiyar da iyayenmu suke yi a ƙasa zuwa kasuwa ko majami'a, yau a kan babur muke yin ta. Malamin makaranta da mai shago da tela da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ɗan acaɓa, har da mu limamai, yawancin yininmu a zaune yake ƙarewa. Manomin da ba ya noman rani kuwa, daga kaka zuwa saukar ruwa yakan shafe watanni a gindin bishiya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ita ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa sau biyar. Tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ƙaru ta isa, haka ma tuƙa keke. Ba a bukatar kuɗi ko wasu kayan aiki. Matasanmu masu buga ƙwallo da yamma su ci gaba, su kuma tuna da Waliyyi Pier Giorgio Frassati, saurayin nan na birnin Turin a ƙasar Italiya, mai hawan duwatsu, wanda ya yi amfani da ƙarfinsa wajen kai wa matalauta taimako har gida. Ya rasu a 1925 yana da shekara 24, Fafaroma Leo na 14 ya sa shi cikin waliyyai ranar 7 ga Satumba, 2025.

Abu na huɗu shi ne hutu. Akwai waɗanda matsalarsu yawan aiki ce, musamman mata. Mace ta tashi tun asuba ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta tafi gona da goyo, ta dawo da itace a ka, ta ɗora tukunya, ita ce ta ƙarshe wajen ci da wajen kwanciya. Maza, wannan ma amana ce a wuyanku. A Bisharar Markus, sura 6, Yesu da kansa ya janye almajiransa gefe su huta, domin taron jama'a ya hana su ko cin abinci. Babban mutum yana bukatar barcin awa bakwai zuwa takwas, ranar Lahadi kuma an ba mu ita domin sujada da hutawa.

Abu na biyar, dole mu faɗe shi a fili, shi ne ƙwaya da giya. Matasa da yawa suna haɗiyar tiramol domin su yi aikin mutum biyu a gonar ƙwadago. Ƙwayar tana rufe jin gajiya ne kawai, jiki yana ci gaba da cinyewa, daga baya ta kama mutum ya kasa rabuwa da ita, takan kuma jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Haka burkutu da barasar leda sun cinye hatsin gidaje da dama kafin damina ta kama. Wanda ya faɗa cikin wannan tarko ɗan'uwanmu ne, kada a kore shi, a kama hannunsa zuwa asibiti.

3. GYARAN TUNANI

Da Ubangiji ya tambayi Iliya, sai ya amsa cewa shi kaɗai ya rage cikin masu aminci. Sau biyu ya maimaita wannan magana, kuma ya gaskata ta da zuciya ɗaya. Amma ba gaskiya ba ce, gama Allah ya sanar da shi akwai mutum dubu bakwai a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Gajiya da tsoro sukan karkatar da lissafin mutum, ya ga duhu ya fi yadda yake.

Mu ma muna da irin waɗannan maganganu da muke maimaita wa kanmu da dare: "Ni ba ni da sa'a." "Gidanmu an yi mana baki." "Kome na taɓa sai ya lalace." Ba mu musun cewa akwai wahala. Manoman tumatir ba su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Ga tsadar taki, ga fargabar hanya, ga kuɗin makaranta. Amma mai hikima yakan raba damuwarsa kashi biyu. Akwai abin da ke hannunsa, kamar lokacin shuka, da irin da zai zaɓa, da tanadin hatsi, da yadda zai yi magana da iyalinsa. Akwai kuma abin da ba ya hannunsa, kamar ruwan sama da farashin kasuwa. Na farko a tashi a yi shi, na biyu a miƙa wa Allah cikin addu'a a kwanta.

Waliyyi Ignatiyus na Loyola ya koyi wannan darasi a kan gadon jinya. Soja ne a ƙasar Sifen, harsashin igwa ya karya masa ƙafa a yaƙin Pamplona a shekarar 1521. Yana kwance wata da watanni, sai ya lura da wani abu: in ya yi tunanin suna da ɗaukakar duniya yakan ji daɗi a lokacin, amma daga baya zuciyarsa ta bushe, in kuwa ya yi tunanin rayuwar Yesu da ta waliyyai, farin cikin yakan zauna tare da shi. Daga nan ya gane ana sanin tunani ta wurin abin da ya bari a zuciya bayan ya wuce. Mu ma mu gwada. Hirar da muka yi a dandali, da abin da muka kalla a waya har tsakar dare, da ƙullin da muke riƙe da shi a kan ɗan'uwa saboda iyakar gona, me suka bar mana da safe?

Sai dai mu bambanta damuwar yau da kullum da ciwo. In mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ya barci, ba ya son abinci, ya daina sha'awar abin da ya saba so, ko yana maganar gara ya mutu, wannan ciwo ne mai magani, kamar zazzaɓi. Kada a ɗaure shi, kada a ce rashin bangaskiya ne. A yi masa addu'a, a zauna kusa da shi, a kuma kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

4. BINCIKEN ZUCIYA

Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Yawancinmu mun san abin da ya kamata maƙwabci ya gyara, amma ba mu taɓa zama shiru muka tambayi kanmu ba. Iliya sai da ya shiga kogo, hayaniya ta lafa, sa'an nan ya ji muryar Allah. A cikin littafinsa na horon ruhu, wanda Fafaroma Bulus na 3 ya amince da shi a 1548, Waliyyi Ignatiyus ya bar mana hanya mai matakai biyar, wadda ba ta wuce minti goma sha biyar kafin barci. Ba sai wanda ya iya karatu ba, kowa zai iya.

Na ɗaya, mu gode wa Allah saboda alherin da ya yi mana a yinin, mu ambace su ɗaya-ɗaya, ko da ruwan sanyi ne da wani ya miƙo mana.

Na biyu, mu roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba mu haske mu ga kanmu yadda muke.

Na uku, mu bi yinin daga tashi zuwa kwanciya, mu duba tunaninmu da maganarmu da aikinmu. A nan ne za mu sa tambayoyin wannan darasi: Me na ci, me na sha? Na sha maganina? Wa na ɓata wa rai? Wane tunani ne ya fi zama a kaina yau?

Na huɗu, mu roƙi gafara a kan inda muka kasa. In abu ne mai nauyi, mu ƙudura kai shi wurin furta zunubi.

Na biyar, mu ɗauki niyyar gyara abu ɗaya gobe, da taimakon alherin Allah, mu rufe da addu'ar Ubanmu.

Mu lura godiya ce a gaba. Wanda ya fara da lissafin laifinsa yakan ƙare da fid da zuciya, kamar Iliya a gindin itace. Mu lura kuma abu ɗaya aka ce a gyara. Wanda ya yi alkawarin barin giya da taba da fushi da gulma duka a dare ɗaya, kafin mako ya zagayo ya koma gidan jiya. Sannu ba ta hana zuwa.

5. ABIN DA ZA MU YI TARE

Allah bai mayar da Iliya shi kaɗai ba, ya haɗa shi da Elisha. Mu ma kowa ya nemi mutum ɗaya, miji ko mata ko aboki, wanda za su riƙa tuna wa juna. Waliyyi Yohanna Bulus na 2, wanda ya ziyarci Kaduna a watan Fabrairu na 1982, ya kafa Ranar Marasa Lafiya ta Duniya a 1992, ana yin ta kowace 11 ga Fabrairu. Muna ba da shawara kowace majami'a ta ware Lahadi mafi kusa da wannan rana domin awon jini bayan Misa. A cikinmu akwai waɗanda suka yi karatu a makarantar koyon aikin lafiya ta Maƙarfi, a roƙe su su taimaka. Katikis da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su shirya abin tare, a kuma gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, gama ciwo ba ya tambayar addini.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Don me Allah ya fara ba Iliya abinci da barci kafin ya yi masa tambaya?
2. Yaushe rabonmu da awon jini, kuma me ya hana mu?
3. Wace magana ce muke maimaita wa kanmu wadda in an bincika ba gaskiya ba ce?
4. A gidanmu, wa ya fi kowa aiki, kuma yaushe yake hutawa?
5. Wane abu ɗaya ne kowannenmu zai fara gyarawa a wannan mako?

ADDU'A

Ya Allah Ubanmu, kai ka yi mu daga turɓaya ka hura mana numfashi. Ka gafarta mana sakacin da muka yi da ajiyarka. Ka ba masu gajiya hutu, ka ba marasa lafiya sauƙi, ka kuɓutar da 'ya'yanmu daga ƙwaya, ka koya mana mu zauna shiru a gabanka kowane dare. Muna roƙo ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Maryamu, lafiyar marasa lafiya, ki yi addu'a dominmu.